Kiwon da Malam Ardo Ya Ba Ni

Masana sun sha wahala wajen raba 'yan Adam kashi-kashi. Wasu sun raba mu ta harshe, wasu ta launin fata, malaman tarihi irina kuma ta daulolin da suka ci kakanninmu da yaƙi. Duk sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma rabon da ya fi kowanne zurfi, wanda na tabbata zai wanzu bayan an manta da sauran, a nan Azare aka gano shi, a wani ɗaki mai taga ɗaya bayan ofishin jarrabawa na makarantarmu. Marigayi Malam Hammadu, wanda kowa ya fi sani da Malam Ardo, shi ya gano shi. A wurinsa mutane iri biyu ne kawai: masu gaya wa kwamfuta abin da suke so, da masu nuna mata da yatsa kamar baƙon da ya shiga kasuwa bai iya yaren gari ba.

Ku da kuka yi aiki da shi kun san ɗabi'arsa ta farko. Duk kwamfutar da ta shigo ɗakinsa, kafin ma ya tambayi sunan mai ita, sai ya zare mata linzami, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur ana danna hotuna, ya rataye shi a ƙusa bayan ƙofa. Suna nan suna reto da wutsiyoyinsu kamar ɓerayen da aka hukunta don sauran su ga aya. Abin da zai bar maka shi ne baƙin allo, ba hoto ba ado, sai wani ɗan farin layi yana ƙifta ido yana jiran ka rubuta umarni. In ka yi ƙorafi ya ce maka doki ake sa wa linzami, saniya kuwa kiranta ake yi ta zo.

Bai faɗi haka a banza ba. Bafillace ne daga wata ruga a wajen Gadau, ya yi kiwo har sai da boko ta kama shi da rana tsaka, ya zo mana a matsayin malamin lissafi. Da aka kawo kwamfutoci makarantar, kowa ya ja baya, shi ya matsa. Ɗalibai ne suka sa masa Ardo, domin ya ɗauki injinan nan tamkar garke, kowace da sunanta irin na shanu. Babbar cikinsu, wadda ake kira saba ko uwar garke, wato kwamfutar da sauran ke ɗebo bayanai daga gare ta, wata baƙar akwati ce mai gurnani, sunanta Ɓaleye. Ba sabuwa ba ce. Malam Ardo bai taɓa yarda an sayi sabon abu ba matuƙar tsohon yana numfashi. Cikinta daga sito aka tsinto, fankarta daga hannun 'yan gwangwan, sauran kuma shi kaɗai ya san asalinsu, kuma ba ya so a tambaya.

Da bazara, lokacin da Azare ke zama kamar tanderun gurasa, yakan jiƙa buhu ya rataye a taga, ya juya fankar ɗakin ɗaya tilo ta fuskanci Ɓaleye. Wata rana shugabar makarantar, Hajiya, ta shigo masa da wata magana, ta zauna gumi na karyo mata, ta roƙe shi ya ɗan juyo fankar.

Ya ce, “Ranki ya daɗe, ke in zafi ya dame ki za ki faɗa. Ita kuwa sai dai a wayi gari.”

Hajiya ta ƙarasa maganarta a tsaye a bakin ƙofa.

To a cikin wannan Ɓaleye ɗin duk sakamakon jarrabawar yaranmu yake, na waɗanda ke nan da na waɗanda suka gama. In yaro ya dawo neman shaidar karatunsa don ya wuce gaba, ita za a tambaya. Kuma kaf makarantar babu mai iya magana da ita sai Malam Ardo. Wannan ba komai ba ne da yana da lafiya. Amma ciwon suga ya fara cin idanunsa, har ya kai sai ya ƙara girman rubutun allo ana hango shi daga baranda. Kowa ya san tambayar da ke yawo, babu mai son furta ta: ranar da babu shi, wa zai riƙe?

Ba wai bai nemi magaji ba. Ya koyar da matasan malamai ɗaya bayan ɗaya, kuma sun iya, shi ne ma matsalar. Duk wanda ya iya, kafin a ce kwabo, sai a ji ya sami aiki a Kano ko Abuja, ya zo sallama da sabon takalmi. Malam Ardo ya sa masa albarka, ya koma ɗakinsa ya zauna shi da gurnanin Ɓaleye.

Ni kuwa, Bukar, malamin tarihi da Hausa ne, na kusa ritaya, kuma da takarda da biro nake miƙa makin ɗalibaina kamar yadda Allah ya halicce ni. Abin da ya haɗa ni da shi tun farko shi ne ni Babarbare ne ta wajen kakanni, shi Bafillace, kun kuwa san wasan da ke tsakani. Shekara da shekaru yana ce mini bawansa, ina ce masa nawa, ba mu taɓa daidaitawa ba. Saboda haka ranar da na ga ya tsaya da babur a ƙofar gidana, da wata tsohuwar kwamfuta ɗaure a baya da igiyar roba kamar akuyar da za a kai kasuwa, na ɗauka wani sabon wulaƙanci ne ya ƙirƙiro.

Ya sauke ta a zaurena, ya ce sunanta Woɗeye, wato ja da Fillanci, saboda tsatsar da ta ci gefenta, kuma kiwo ya kawo mini. Ya yi bayani dalla-dalla kamar yadda ake yi a ruga idan an ba marar shi saniya. Za ta zauna a hannuna, in ci moriyarta, in kula da ita. Ranar da ta haihu sai in mayar da uwa in riƙe 'ya. Haihuwar kuwa ita ce ranar da zan ɗauki kwamfutar da babu komai a cikinta, in girka mata komai da hannuna daga baƙin allo, ta tashi ta yi aiki ba tare da ya sa mini baki ba. Daga nan sai ya danƙa mini Ɓaleye.

Na ce masa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya ce busasshe ma ana yin turke da shi.

Na ce, “To me ya sa ni, duk samarin da ke makarantar nan?”

Ya ce, “Kai kaɗai ne na tabbata ko ka iya babu mai ɗauke ka.”

Na daɗe ina duniya, an yabe ni an zage ni, amma ban taɓa jin an haɗa su biyun a jimla ɗaya da kyau haka ba. Na karɓi kiwo.

Karatun ya fara bayan an tashi daga makaranta, a ɗakinsa, ni a kan benci, fanka na kallon wani wuri. Ya nuna mini cewa can nesa akwai wasu rumbuna cike da kayan aiki, waɗanda bayin Allah suka ƙera suka bari kyauta: na gudanar da saba, na tsare ta, na rubuta manhaja da yaran ajin kwamfuta ke bukata. Sunan abin da kake so kawai za ka rubuta bayan umarnin girkawa, ya taho. Sai dai babu wanda ke zuwa shi kaɗai. Ka gayyaci ɗaya, allo ya cika da sunayen danginsa da ba ya iya zama sai da su, kamar ka kira mutum ɗaya walima ya zo da unguwa. A ƙarshe kwamfuta ta tambaye ka, in ci gaba ko in tsaya? Ni dai hannuna kan tafi kai tsaye wajen e. Malam Ardo ya make shi da rula. Sai na karanta sunayen nan kaf, da ƙarfi, in faɗa masa wa zai shigo wa zai fita. Ya ce mutumin da ke cewa e kafin ya ji tambaya, da irinsa ake sayar da gonar gado.

Akwai kuma wata 'yar kalma, sudo, wadda in ka sa ta a gaban umarni, kwamfuta za ta ɗauka mai gida ne ke magana, ba za ta yi musu ba ko da ka ce ta rushe kanta. Dokarsa a kan wannan kalma ta fi ta kotu. In ka rubuta umarnin da ke ɗauke da ita, sai ka janye hannuwanka biyu daga kan madannai, ka zura su a aljihu, ka sake karanta layin daga farko, sannan ka zaro yatsa ɗaya ka danna. Ranar da na zo da riga marar aljihu cewa ya yi in zauna a kansu. Haka masinjan makaranta ya shigo ya tarar da ni, dattijo mai furfura, zaune a kan tafukana ina karanta wa akwati wasu kalmomi da ƙarfi. Ya ajiye saƙonsa ya fita a hankali. Washegari uwargidana ta ji labari a gidan suna.

Duk wannan bai kai abin da ya same ni a gida ba. Wata Asabar da hantsi na ga na fara zama mutum, na ce bari in gyara saitin Woɗeye ni kaɗai. Na buɗe fayil ɗin da wata manhajar rubutu da ya girka mini, wadda yake ƙauna kamar 'yar fari. Shiga dai na shiga lafiya. Fita ce ta gagara. Na danna wannan, ta yi ƙara. Na danna wancan, ta haɗiye layi guda. Na rubuta mata in fita da Turanci, ta ƙi. Na rubuta da Hausa, ta zuba kalmar a tsakiyar saitin ta ci gaba da kallona. Ni da na koyar da yadda dauloli suka faɗi suka tashi, ga ni a tsare a zaurena ba sarƙa ba mari. Uwargida ta leƙo ta ce in kashe ta mana kamar talabijin. A tsawon zamanmu ban cika bin shawararta nan take ba, amma ranar na miƙa hannu na zare waya daga bango.

Ran Litinin na gaya masa, ina sa ran faɗa. Ya ci gaba da aikinsa. Da la'asar sai ga shi a ƙofar gidana cikin babbar riga da hula, kai a sunkuye. Na yi masa maraba, na shimfiɗa tabarma. Ya ce in bar tabarmata, ba wurina ya zo ba, jaje ya zo yi. Ya wuce zaure ya durƙusa gaban Woɗeye, ya dafa ta, ya yi mata magana da Fillanci a hankali, irin yadda ake lallashin saniyar da aka doka ba laifi. Maƙwabcina da ya biyo shi don jin ko lafiya ya tsaya baki buɗe. Abin da na tsinta kawai shi ne kalmar da suke kiranmu da ita mu Barebari, ta fito fiye da sau ɗaya, kuma ba a wurin yabo ba. Da ya gama ya kunna ta, ya gyara ɓarnar da na yi, ya nuna mini 'yan maɓallan fita, waɗanda ba su taka kara sun karya ba. Ya ce shiga kowa ya iya, har kaza tana shiga akurki. Fita ita ce ilimi.

Kada ku ɗauka shi ba ya kuskure. Yana yi, amsawa ce ba ya yi. Wanda na gani da idona shi ne na Giade.

Akwai wata ƙaramar makaranta a can da ya ba wa malaminsu kiwon wata saba, yana kula da ita daga nan Azare, ya shiga cikinta ta intanet ya yi aikinsa kamar yana gabanta. Wata rana da damina ya ce zai koya mini yadda ake gina wa saba katanga don kada ɓarayin intanet su shigo. Ya ce in ɗauke ta kamar gida mai ƙofofi da yawa: hikimar ita ce ka rufe duka, sannan ka buɗe waɗanda ake bukata kaɗai. Ya shiga ta Giade don ya nuna mini a aikace. Ya rubuta umarnin rufe ƙofofi, ya zura hannu a aljihu, ya karanta, ya zaro yatsa cikin isa ya danna. Umarnin ya yi aiki yadda ya kamata. Ya rufe kowace ƙofa, har da wadda Malam Ardo yake shiga ta cikinta daga Azare, wadda ya manta bai keɓe ba.

Ɗan farin layin nan ya daina ƙifta ido. Malam Ardo ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ko ni da nake sabon shiga na gane cewa maigida ya kulle gidansa ta ciki alhali yana waje, kuma gidan yana wani gari. Sannan ya cire tabarau ya goge, ya ce mini ya tuna yana da gwaggo a Giade, kuma rabonsa da ita an kwana biyu, zumunci kuwa a ƙafa yake. Ya ce in tashi in raka shi.

Muka hau babur ɗin nan nasa mai tari. Hadari ya tare mu a hanya, muka fake a gindin wata tsamiya, ruwa ya bi mu har can. Muka shiga taɓo muka fita, takalmina ɗaya ya zauna a wani kwazazzabo yana jiran masu binciken tarihi na gaba. Ina baya ina ta tambayarsa ko gwaggon tana da intanet, shi kuwa yana ta ƙara wa babur wuta.

Abin da ya ba ni mamaki, gwaggon gaskiya ce. Malam Ardo ba ya ƙarya, sai dai ya zaɓi gaskiyar da za ta fisshe shi. Wurinta muka fara zuwa. Tsohuwa ta fito ta ƙare masa kallo, ta ce wa ya mutu, don ita ta san Hammadu ba ya zuwa haka kawai. Ya rantse lafiya. Ta dama mana fura da nono mai kauri, ta zauna ta wanke shi tas a kan rashin zumunci, yana durƙushe yana cewa na'am, ni kuma ina shan fura ina gyaɗa kai a duk inda ta ɗiga aya. Sai da ta gaji ya miƙe ya ce tunda Allah ya kawo mu garin, bari mu ɗan leƙa makarantar nan. Ya zauna gaban sabar, ya rubuta layi ɗaya, ya tashi.

A hanyar dawowa na ce, “Ardo, wannan layin ne ya ci mini takalmi?”

Ya ce, “Makiyayin kirki yakan zaga ya ga dabbarsa da ido. Kai me ka sani, ku da kifi kuka gada.”

Tun daga ranar, duk wanda ya kulle kansa a waje a makarantarmu, ko da makullin ofis ne, sai a ce ya tafi gaida gwaggo. Shi kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa nuna ya gane da wa ake ba.

Karatuna ya ci gaba a hankali, ciwonsa kuma bai jira ni ba. Ya kai har ba ya ganin allo ko an ƙara girman rubutu, sai ya zauna a bayana ido rufe, ni ina rubutawa ina karanta masa. Daga ƙarar madannai yake gane na yi kuskure. Sau da dama na ce masa a gwada ni, kiwon nan ya isa haihuwa. Ya ce tukuna, wanda ya yi gaggawar tatsar karsana shi ke shan harbi. Na san lokaci yana ƙurewa, shi ma ya sani, amma a bakinsa kullum Ɓaleye ce ke tsufa, ba shi ba. Ya kwanta bayan an shiga hutu, kuma bai daɗe ba.

Ranar da na je wa iyalinsa gaisuwa na tambayi uwargidansa ko in dawo da Woɗeye, tunda amana ce. Ta share hawaye, ta buɗe mini wani ɗaki. Cike yake da akwatunan kwamfuta har rufi, kowace da suna a rubuce da alli. Ta ce don Allah in rufa mata asiri in riƙe tawa, in ma ina son ƙari ga su nan.

Ɓaleye kuwa ba ta yi wani dogon zaman makoki ba. Ana dab da komawa makaranta na shiga ɗakin na tarar da gurnaninta ya koma wani ƙas-ƙas kamar ana tauna tsakuwa, sannan ta yi shiru. Faifan da ke riƙe da komai a cikinta ya mutu. Ga yaran da suka gama sun fara zirga-zirgar neman sakamako, iyaye suna tare malamai a masallaci. Na tsaya a tsakiyar ɗakin nan, ni kaɗai, na duba benci, na duba kujerarsa. Babu wanda zan kira bawa, babu mai kirana.

Na samo wani faifan a cikin tarkacensa na sa. Na kunna, baƙin allo ya fito babu komai a cikinsa, ɗan layin nan yana kallona. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, na dai san azahar ta yi, la'asar ta yi, washegari ma haka. Na girka tushen, na kira kayan aiki ɗaya bayan ɗaya daga rumbu, na saita kowanne, na ɓata na gyara na sake ɓatawa. Wani wuri ya ƙi tashi, na yi ta bin saƙon kuskuren layi-layi har na gano ni ne na rubuta adireshi ba daidai ba. Gumi ya jiƙa mini riga sharkaf. A ƙarshe na ɗauko kwafin ajiya da yake yi a wani faifai na daban, na juye mata. Na je wata kwamfuta a ofishin jarrabawa na kira ta, ta amsa. Sunayen yara suka fito reras.

Farin cikina bai kai ko'ina ba. Da na duba da kyau sai na ga bayanan sun tsaya a bara. Duk sakamakon wannan shekarar, har da na yaran da ke jira a bakin ƙofa, babu shi. Na bincika ko'ina, na sake juyewa, babu. Na ce shi ke nan, amanar da mutumin nan ya shekara yana shirya ni dominta, ranar farko na zubar da ita, kuma 'ya'yan mutane ne za su ɗanɗana.

Na wanke fuska na nufi ofishin Hajiya. Na tsaya kamar ɗalibin da aka kama, na yi mata bayani tiryan-tiryan, na ce in akwai hukunci ni ya dace ya hau.

Hajiya ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce in zauna. Ta ce ai sakamakon bana lafiyarsa lau, tun lokacin da idon Malam ya fara tsanani aka mayar da komai wurin wani kamfani, yanzu daga waya sakatare ke fitar wa yara takardunsu. Kuma ba a bayan idonsa aka yi ba. Shi da kansa ya kawo shawarar, shi ya kwashe bayanan ya kai can, ya gwada ya tabbatar, sannan ya zo ya roƙe ta alfarma ɗaya.

Na ce wace alfarma.

Ta ce, “Cewa ya yi kada a gaya wa Babarbaren nan. In ya san babu komai a ciki, ba zai koya ba.”

Na zauna ina kallon kalandar da ke bayanta. Wato duk yammacin nan da na yi zaune a kan tafukana, ina tsoron kada yatsana ɗaya ya hallaka makomar yara, mutumin nan yana bayana ido rufe, ya san sarai ko na rushe ta babu abin da zai faru. Bai amince ya bar makomar 'ya'yan mutane a hannuna ba, kuma a nan ya yi gaskiya. Bai kuma fasa zama da ni kullum ba, cikin zafi da ciwo, har sai da na iya. Na so in yi fushi, na nemi wanda zan yi wa na rasa. Hajiya ta miƙo mini hankici, ta ce gumi ne a fuskata. Na ce e, gumi ne.

Allah ya jiƙan Malam Hammadu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa fiye da yadda ciwo ya dushe masa ido. Ya sanyaya makwancinsa, ya tsare masa bayansa, ya sa ɗan abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau, ya haɗa mu a inda za mu ƙarasa musun nan na wa ke bawan wa.

Ɓaleye tana nan. Duk mako nakan shiga in sabunta ta, in duba katangarta, in share mata ƙura. Tun da na tashe ta ba ta taɓa tsayawa ba. Babu kuma wanda ya taɓa nemanta.